Kalma Ɗaya, Aiki Biyu: Yadda After, Before, Since da Until Ke Sauya Matsayi a Jimlar Turanci

Ga jimloli biyu na Turanci: *We left after the prayer*, da kuma *We left after the imam prayed*. Saƙonsu kusan ɗaya ne, wato an tashi bayan salla. Kalmar *after* tana nan a duka biyun, ba a ƙara mata harafi ba, ba a rage ba, furucinta ma bai canza ba. Amma malamin nahawun Turanci zai ce maka a jimlar farko *preposition* ce, a ta biyu kuwa *subordinating conjunction*. A nan kan ɗalibi ke ɗaurewa, musamman wanda aka sa ya haddace jerin kalmomi tun yana firamare, aka ce masa waɗannan 'yan rukuni kaza ne, waɗancan 'yan rukuni kaza. Sai ga shi ya tarar da *after* a jeri biyu, ya rasa wanne zai gaskata.

Lamarin ba na masana kaɗai ba ne. Duk wanda ya zauna jarrabawar Turanci ta WAEC ko NECO ya san tambayar nan da ke yawan fitowa a sashen fahimtar karatu: a tsamo wani yanki daga cikin labari, a ce wane suna ake ba shi a nahawu, kuma mene ne aikinsa a jimlar. Sau da yawa yankin yakan fara da ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi masu fuska biyu. Wanda ya kira ganga (*clause*) yanki (*phrase*), ko ya kira yanki ganga, ya yi asarar makin da bai kamata ya kuɓuce masa ba.

Don sauƙin magana, bari mu raɗa wa rukunonin biyu sunayen Hausa. Na farko mu kira shi jagoran suna, tunda aikinsa shi ne ya shiga gaban suna, ko wakilin suna, ko yankin suna, ya nuna dangantakarsa da sauran jimla ta fuskar wuri ko lokaci ko dalili. Na biyu mu kira shi mahaɗin dogaro, don yana shiga gaban ganga ne, wato magana mai nata aikau (mai yin aikin, *subject*) da nata aikatau (kalmar aikin, *verb*), ya rataya ta a jikin babbar jimla, har ta kasa tsayawa ita kaɗai. Kalmomin da suka fi shahara da yin aikin biyu su ne *after*, *before*, *since*, *until* da 'yar'uwarta *till*, sai *as*. Akwai kuma *than* da *like*, waɗanda aka daɗe ana jayayya a kansu, da *for* mai nata sha'anin daban.

Babban abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, waɗannan kalmomi ba su ɗauke da rukuninsu a goshi. Abin da ya biyo bayansu ne ke faɗin ko su wane ne. Kamar mutumin karkara ne da ake kira manomi da damina, da rani kuma ɗan kasuwa. Mutumin ɗaya ne, sai ka dubi abin da ke hannunsa ka san sunan da za ka kira shi. Idan bayan kalmar ka ga suna kawai, jagora ce. Idan ka ga wani yana aikata wani abu, da aikatau mai ɗauke da lokaci, mahaɗi ce. *Before noon*, jagora. *Before the market opens*, mahaɗi. *Since Monday*, jagora. *Since Binta arrived*, mahaɗi. *Until evening*, jagora. *Until the rain stopped*, mahaɗi.

Bahaushe bai kamata ya ga wannan a matsayin baƙon abu ba, domin kullum yana yin sa da bakinsa. Muna cewa kafin magariba, muna cewa kafin ya dawo. Muna cewa har yamma, muna cewa har rana ta faɗi. Bayan salla, bayan an idar da salla. Tun jiya, tun da ya zo. Babu yaron da aka taɓa zaunar wa aka koya masa cewa kafin tana da aiki biyu, amma ba ya kuskure. Wanda ya yi nahawun Larabci a zaure ma ya sha haɗuwa da hatta, wadda take zuwa harafin jarri a gaban suna, ta kuma shiga gaban fi'ili. Da malaman Turanci za su riƙa farawa daga nan, da rabin ruɗanin ya kau tun a aji.

Sai dai gwajin duban abin da ya biyo baya yana da tarkuna, kuma masu tsara jarrabawa sun san su sarai.

Tarko na farko, ganin aikatau kawai bai isa ba. Dubi wannan: *After the meeting that the chairman called, we went home*. Akwai aikatau *called* a can, amma ba na *after* ba ne. Yana cikin wata ƙaramar ganga ce da ke bayanin wane taro ake nufi. In ka cire ta, abin da ya rage shi ne *after the meeting*, suna tsurarsa. Saboda haka jagora ce. Kwatanta da *After the meeting ended, we went home*. A nan taron ne da kansa ya yi wani abu, ya ƙare, don haka ganga ce cikakkiya, *after* kuma mahaɗi. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: sunan nan da ya biyo baya, shi kansa yana da aikatau nasa, ko kuwa ado kawai aka jera masa?

Tarko na biyu shi ne kalmomi masu ƙarewa da *-ing*. A *After eating, Musa slept*, kalmar *eating* ta fito daga aikatau, amma a nan aikin suna take yi, kamar yadda muke cewa bayan cin abinci. Ba ta da aikau, ba ta nuna lokaci. Nahawun makaranta yana ɗaukar *after* a nan jagora. Amma kada a yi gaggawar cewa duk kalmar da ta zo kafin *-ing* jagora ce. Ana cewa *while eating*, kuma *while* ba ta taɓa zama jagora. Yadda za ka tantance shi ne ka musanya da suna na gaske: *after lunch* ta zauna daidai, *while lunch* kuwa ba Turanci ba ne. A irin wannan gini akwai wani sharaɗi da ake yawan karyawa. Wanda ya yi aikin da ke cikin *-ing* dole ya zama shi ne aikau na babbar jimla. In ka rubuta *After eating, the plates were washed*, a zahirin lafazi ka ce faranta ne suka ci abinci.

Akwai kuma lokacin da babu komai a bayan kalmar. *I have seen him before*. *She left in 2019 and has not returned since*. A nan ba jagora ba ce, ba mahaɗi ba ce, bayanau ce, wato *adverb*, kalmar da ke ƙara wa aikatau bayani. *Before*, *since* da *after* suna iya tsayawa haka, amma *until* ba ta iyawa, sai an ba ta abin riƙewa.

To mene ne amfanin sanin duk wannan ga wanda ba jarrabawa zai zauna ba, wanda wasiƙar neman aiki ko rahoton ofis kawai zai rubuta? Amfanin yana da yawa, don da zarar kalmar ta sauya aiki, abubuwan da ke kewaye da ita ma sai sun sauya.

Wakilin suna yana canza riga. Bayan jagora sai a yi amfani da siffar karɓau, wato ta wanda aiki ke faɗa wa: *before me*, *after him*, *after them*. Bayan mahaɗi kuwa siffar aikau ce, don ita za ta ja aikatau: *before I came*, *after he spoke*. Shi ya sa *He arrived before me* daidai ne, *He arrived before I did* ma daidai ne, amma *He arrived before I* ta rataya a tsakiya, ba ta zama wannan ba, ba ta zama wancan ba.

Lokacin aikatau ma yana da doka, kuma a ganina ita ce mafi muhimmanci. Gangar da ta fara da mahaɗin lokaci ba ta karɓar *will*, ko da maganar gobe ake yi. Ana cewa *Call me before you leave*, ba *before you will leave* ba. Ana cewa *Wait until he comes*, ba *until he will come* ba. Babbar jimla ce ke ɗaukar alamar gaba: *I will pay after I receive the goods*. Ɗalibai da yawa suna ganin wannan doka ce ta son rai, alhali Hausa ma haka take yi. Ba mai cewa kafin zai zo, sai dai kafin ya zo. Ba a cewa jira har zai dawo, sai jira har ya dawo. Kunnen da ya ƙi kafin zai zo shi ne za a horar ya ƙi *before he will come*.

Sai alamomin rubutu. Gangar dogaro ba jimla ba ce, ko da an fara ta da babban harafi an rufe da aya. *After the rain stopped.* Mai karatu yana jiran sauran magana: bayan ruwa ya ɗauke, sai me? Haka nan idan gangar ta zo a farko, ana raba ta da babbar jimla da waƙafi, kuma waƙafin nan ba ado ba ne. Karanta *Before eating the children prayed* ba tare da shi ba, ka ga yadda ido zai fara ɗauka yaran ne za a ci kafin ya gano kuskurensa ya dawo baya.

Yanzu mu ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya, don ba duka ke raba aikinsu daidai wa daida ba.

*Before* da *after* ba su da wahala sosai. Abin lura kawai shi ne, a matsayin mahaɗi lokaci kaɗai suke nunawa, a matsayin jagora kuwa fagensu ya fi faɗi. *He stood before the judge* na nufin ya tsaya a gaban alƙali, maganar wuri ce. *She was named after her grandmother* na nufin an sa mata sunan kakarta. *Look after the children*, kula da yara. Duk waɗannan ma'anoni ba sa samuwa idan ganga ce ta biyo baya.

*Since* ita ce mai dogon labari. Tana da ma'anar lokaci, wato tun, kuma a wannan ma'ana tana yin aikin biyu: *since 2015*, *since we moved to Katsina*. Tana kuma da ma'anar dalili, wato tunda, amma wannan ma'anar mahaɗi kaɗai ke ɗaukar ta: *Since you are here, let us begin*, tunda ka zo, mu fara. Ba za ka ce *since the rain* kana nufin saboda ruwa ba. Duk mai ji zai ɗauka tun lokacin ruwan kake nufi. Abin sha'awa, Hausa ta bi wannan hanya sak, daga tun da na lokaci zuwa tunda na dalili. Wannan kusanci yakan haifar da jimla mai harshen damo, kamar *Since Audu left, the shop has been quiet*. Tun tafiyarsa ne shago ya yi tsit, ko saboda tafiyarsa? Inda bambancin ke da muhimmanci, kamar a rahoto ko takardar shari'a, gara a yi amfani da *because* don dalili, *ever since* don lokaci.

Akwai abu biyu kuma game da *since* ta lokaci. Na ɗaya, babbar jimla takan ɗauki gini mai *have* ko *has*: *I have lived here since 2015*, ba *I am living here since 2015* ba. Na biyu, mafarin lokaci take so, ba tsawonsa ba. Shekara, rana, ko wani abu da ya faru, duk tana karɓa. Tsawon lokaci kuwa na *for* ne: *for three years*. Kuskuren *since three years* ya bazu ƙwarai, kuma ya fi kama 'yan'uwanmu na Nijar, Chadi da Kamaru da suka fara da Faransanci, domin a can kalma ɗaya ce, *depuis*, ke ɗaukar duka biyun.

*Until* tana nuna iyakar abin da ke gudana. Idan jimlar tabbatacciya ce, har ce tamu: *We waited until midnight*, mun jira har tsakar dare. Idan korarriya ce, sai ta koma sai: *He did not come until midnight*, bai zo ba sai tsakar dare. Kalma ɗaya ta Turanci, biyu na Hausa, kuma wanda ya gane wannan ba zai sake fassara ta a karkace ba. Idan aka kawo wannan korewa farkon jimla don ƙarfafawa, babbar jimla takan juya kamar tambaya: *Not until the chief arrived did the meeting begin*, wato sai da hakimi ya iso sannan aka fara taro. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen wa'adi. *Until* tana buƙatar aiki mai ɗorewa, kamar jira, zama, barci. Aikin da ake yi sau ɗaya a gama kafin wa'adi, *by* yake so. *The office is open until Friday* daidai ne, amma miƙa takarda *by Friday* ake yi. Game da *till* kuwa, mutane da yawa sun ɗauka gajarta *until* aka yi, har suna rubuta ta da alamar ɗauke harafi. Ba haka ba ne. *Till* ce ta riga zuwa, tana da dangantaka da *til* ta harshen mutanen arewacin Turai na dā, daga baya aka gina *until* a kanta. Duka biyun karɓaɓɓu ne, sai dai *until* ta fi dacewa da rubutun hukuma da kuma farkon jimla.

*As* kuwa ita ce ta fi kowa yawan ma'ana. A matsayin jagora tana nufin a matsayin: *She works as a nurse*. A matsayin mahaɗi tana iya nufin yayin da, kamar *As he entered, everyone stood up*. Ko tunda, kamar *As it was late, we stayed*. Ko kamar yadda, kamar *Do as I told you*. Dubi yadda ƙara kalmomi biyu ke juya magana: *As a child, he lived in Zinder* na nufin yana yaro ya zauna a Damagaram, amma *As he was a child, he paid nothing* na nufin tunda yaro ne bai biya komai ba. Sannan wanda ya buɗe jimla da *As a teacher* ya yi alkawarin cewa malamin nan ne aikau mai zuwa. *As a teacher, students respect me* ta mai da ɗaliban malamai.

*For* ba ta buƙatar dogon bayani. Kusan kullum jagora ce. Tana da wani tsohon aiki na ma'anar domin, irin *We stopped, for it was dark*, wanda yanzu sai a adabi ake ganinsa, kuma yawancin littattafan makaranta suna lissafa ta tare da su *and* da *but*, saboda gangarta ba ta iya zuwa farkon jimla yadda ta *because* ke yi.

Amma in za a bi ta tawa, ba kalmomi masu aiki biyu ne babbar matsalar Bahaushe mai koyon Turanci ba. Matsalar tana wajen masu aiki ɗaya da ya ɗauka biyu suke yi. Dalili kuwa, Hausa ta fi Turanci sakin hannu a wannan fanni. Saboda tana karɓar suna, tana karɓar ganga: saboda ruwa, saboda an yi ruwa. Duk da ma haka: duk da zafi, duk da ana zafi. Sai ɗalibi ya ɗauka kowace kalmar Turanci za ta yi masa wannan alfarma, alhali Turanci ya raba aikin ga kalmomi biyu mabambanta. *Because* ganga take so, *because of* suna: *because it rained*, *because of the rain*. *Although* ganga, *despite* da *in spite of* suna: *although he was ill*, *despite his illness*. *While* ganga, *during* suna: *while we were travelling*, *during the journey*. *Unless* ganga, *without* suna. Daga rashin sanin wannan rabo ne ake samun su *despite he was ill*, da *during I was in school*, da *because the rain*, waɗanda ke cike takardun ɗalibai har da na manya. Akwai ma wanda ke cakuɗa biyu ya haifar da *despite of*, wadda ba ta da gurbi a Turancin yau. In har kana son *despite* ta ɗauki ganga, sai ka gina mata gada da suna: *despite the fact that he was ill*. Daidai ne, amma *although* ta fi gajarta, kuma ta fi daɗin karatu. Shawarata ga malamai ita ce su riƙa koyar da waɗannan bibbiyu, kowace da kishiyarta, maimakon a jeri biyu da ke shafuka daban.

Tarihi yana bayyana yadda aka yi kalma ɗaya ta sami aiki biyu. A Turancin dā, galibi jagora ba ta shiga gaban ganga kai tsaye, sai an sa wata ƙaramar kalma a tsakani. Har zuwa fassarar Littafi Mai Tsarki ta zamanin Sarki James, ta shekarar 1611, ana samun *after that* da *before that* a wuraren da yau *after* da *before* kaɗai za a ce. Sannu a hankali *that* ɗin ta faɗi, jagorar ta ɗauki aikin biyu. Burbushin tsohon tsarin yana nan a su *now that*, *provided that* da *except that*. Faransanci bai yar da tasa alamar ba: *après* da *après que*, *avant* da *avant que*, *pendant* da *pendant que*. Shi ya sa ɗan Maraɗi ko Yamai da ya zo wa Turanci ta ƙofar Faransanci yakan so ya ce *after that he left* yana nufin bayan ya tafi, alhali a Turancin yau wannan na nufin bayan haka sai ya tafi. Jerin abin da ya faru ma ya juye ke nan.

Sauran biyun, *than* da *like*, su Turawan da kansu ba su gama daidaitawa a kansu ba. Robert Lowth, malamin coci da daga baya ya zama bishop na Landan, ya fitar da littafin nahawunsa a 1762, ya tsaya a kan cewa *than* mahaɗi ce, abin da ke bayanta kuma ganga ce da aka gutsure. A wannan ra'ayi *He is taller than I* ce daidai, don asalinta *than I am*. Amma jama'a ba su daina cewa *taller than me* ba, kuma ko masu tsananin ma sun yarda da *than whom*, wadda siffar karɓau ce, irin wadda ke bin jagora. A yau ƙamusoshi suna lissafa *than* a rukuni biyun. Hanya mafi aminci a rubutu ita ce a cika gangar: *taller than I am*. Wannan yana kuma warware shubuha, domin *She trusts Binta more than me* tana iya nufin ta fi yarda da Binta a kaina, tana kuma iya nufin ta fi ni yarda da Binta. *More than she trusts me* ko *more than I do* sun raba gardama.

*Like* kuma dokar makaranta ta ce jagora ce kawai: *He runs like a horse*, amma in ganga ce sai *as* ko *as if*. A 1954 wani kamfanin taba a Amurka ya fito da tallan Winston da ya sa *like* a gaban ganga, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kafafen yaɗa labarai kan cewa ana lalata harshe. Gaskiyar magana, marubuta sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da ita haka, kuma a hira ba wanda zai ɗaga kai don ka ce *like I said*. Amma a takardar jarrabawa da wasiƙar hukuma, *as I said* za ka rubuta. *Because* ma ta fara leƙa ɗaya ɓangaren: a intanet ana sa ta kai tsaye gaban suna, irin *because money*, har ƙungiyar masu nazarin karin harshe ta Amurka ta zaɓe ta kalmar shekara ta 2013. Salon raha ne na masu harshen, ba lasisin rubuta *because the rain* ba ne.

Akwai masanan da suka ce tun farko rabon nan gida biyu bai da tushe. Otto Jespersen, ɗan ƙasar Denmark, ya kawo wannan hujja tun 1924, sannan Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum suka gina babban nahawun Turanci na Kambirij, na 2002, a kanta. Hujjar tasu mai sauƙi ce. Aikatau *remember* yana iya ɗaukar suna, *I remember the day*. Yana iya ɗaukar ganga, *I remember he came*. Yana iya tsayawa shi kaɗai, *I remember*. Ba wanda ya ce ya zama kalmomi uku na rukuni uku. To don me *before* za ta zama jagora a *before noon*, mahaɗi a *before he came*, bayanau a *seen him before*? A wurinsu jagora ce a duka ukun, abin da take riƙewa ne ya bambanta. Har *because* da *although* sun mayar jagorori masu karɓar ganga, suka bar 'yan kalmomi kaɗan, irin *that* da *whether*, a matsayin mahaɗan dogaro na haƙiƙa.

Ni wannan ra'ayi ya fi kwanta mini, don ya fi kusa da abin da mai magana ke ji a ransa. Ba na jin akwai Bahaushen da ke ganin kafin ta kafin magariba daban take da kafin ta kafin ya dawo. Amma manhajar sakandare da masu duba takardun WAEC da NECO suna kan tsohon tsari, kuma ɗalibi da shi za a auna shi. Saboda haka in an tsamo masa *after the rain had stopped* aka tambaye shi sunansa, ya rubuta *adverbial clause of time*, ya kuma faɗi aikatau ɗin babbar jimla da take yi wa bayani. In *after the heavy rain* aka ba shi, ya rubuta *prepositional phrase* mai aikin bayanau, ya faɗi aikatau ɗin da take yi wa bayani shi ma.